Ina Ruwanmu?

Ni mai cajin waya ne a Tsamiyar Kwance,
sola biyu a kan rufi, soket talatin da shida.
Ban taɓa riƙe tutar kowa ba.

Abin ya faro ne daga allon ƙarfe
da aka kafa a bakin kasuwa:
An kammala rijiyar burtsatse.
Allon ya fi rijiyar zurfi,
don ƙafafunsa sun shiga ƙasa kamu biyu,
ita kuwa ko diga ba ta gani ba.

Gwamma, mai ɗiga wa yara rigakafi,
ta tsaya gindinsa da busasshiyar jarka,
ta ɗauki hoto,
ta sa alamar nan mai kama da gidan dara,
ta rubuta: Ina ruwanmu?

Mu tambaya muka yi.
Can sama suka karɓe ta a matsayin amsa,
suka ɗaga kafaɗa: ina ruwanmu!

Kafin la'asar ƙauyuka sun fara aiko nasu allunan,
na asibitin da awaki ke kwana,
na gadar da ba ta haye ko kwata ba.
Daren Alhamis, ina tsakar shan shayi,
sandunan sabis suka zube ɗaya bayan ɗaya
kamar haƙoran tsoho.
Rediyo ya ce matakin tsaro ne, na ɗan lokaci.
Ba mu ji harbi ba. Jarka muka gani.

Nomau ya sayar da riɗinsa a makance,
bai san farashin Maigatari ba, ya yi asarar buhu guda.
Injin Cindo mai cirar kuɗi ya zama madannin takarda.
Iya Tambai tana zuwa kullum da wayarta a ƙullin zane:
Duba mini, ko ɗana ya kira daga Fatakwal.
Nakan ce mata layi ne ya cushe.
Allah ya yafe mini wannan.

Amma wanda ya toshe bakin tulu
bai san hanyar raɓa ba.
Wayoyi sun ci gaba da zuwa caji,
ina jera su kusa da kusa, kamar masu sahu,
hoto na tsallakawa daga wannan zuwa waccan
ba data, ba izinin kowa.
Memori ƙanƙane, bai kai farcen jariri ba,
Barau direba ya soke shi a naɗin hularsa,
ya wuce shinge uku yana gaishe su da aiki,
sai Kano.

Yaran kuma suka gano jigawar nan ta arewa,
inda sabis ɗin Nijar ke leƙowa in iska ta ga dama.
Bayan isha'i za ka hango su,
hannuwa sama, fuska na haske,
ka ce roƙon ruwa suke.
To, roƙon ruwan ne.

An kira Gwamma ofis sau biyu.
Na biyun ta dawo ba waya,
ta zauna a bencina, ba ta ce uffan ba.
Can ta ce: Ara mini taka.

Kwana goma sha tara.
Ran na ashirin wayoyi suka ɗau kuka gaba ɗaya,
saƙonni na rige-rige kamar kaji an buɗe akurki.
Iya Tambai ta ji muryar ɗanta,
ta yi ta faɗa masa baƙar magana tana hawaye.

Da safe muka tarar an tuge allon,
sai ramuka biyu.
Jiya an yi yayyafi, sun cika.
Gwamma ta durƙusa ta ɗauke su hoto.
Na tambaye ta me za ta rubuta,
ta ce: Ba ni caji tukuna, saura kashi huɗu.